Tambayi Likita: Asusun Lafiya Ɗaya ga Kowa a Jihar New York

Likita, tasi nake ja a Bronx da ke birnin New York. Ana ta cewa an yi dokar da kowa zai ga likita kyauta. Gaskiya ne?

Malam, ba a kai ga doka ba tukuna, ƙuduri ne mai suna New York Health Act. Ɗan majalisa Richard Gottfried ne ya fara gabatar da shi a 1992. Majalisar wakilan jihar ta amince da shi a shekarar, ta sake amincewa kowace shekara daga 2015 zuwa 2018, amma majalisar dattawa ba ta taɓa zartar da shi ba. Sanata Gustavo Rivera, mai wakiltar wani yanki na Bronx ɗinku, shi ke riƙe da shi a majalisar dattawan.

Manufarsa ita ce jiha ta buɗe asusu ɗaya da zai biya likita da gadon asibiti da magani, har da haƙori da ido, ga duk mazaunin jihar, mai takardun zama da marar su. Babu kuɗin inshora na wata-wata, babu wani kaso da za ka ajiye kafin a duba ka. Sai dai da haraji za a cika asusun, wanda ya fi samu ya fi biya.

Ni ina goyon bayansa. Na sha ganin mai hawan jini yana raba ƙwaya gida biyu don ta kai shi ƙarshen wata, daga baya a kawo shi da shanyewar ɓarin jiki. Jinyar da za a yi masa a ranar ta ninka kuɗin ƙwayoyin sau da yawa, kuma ba lallai hannunsa ya dawo ba.

In abin alheri ne, me ya hana wata jiha ta yi?

Kuɗi da ikon gwamnatin tarayya. Jihar Vermont ta kafa irin wannan doka a 2011, amma a Disambar 2014 Gwamna Peter Shumlin ya janye, ganin cewa sai an ɗora wa masu kamfanoni harajin kashi 11.5 cikin 100 na albashin da suke biya. Masu zaɓe a Colorado sun ƙi irinsa a 2016, na California kuma ya mutu a majalisa a 2022 ba a ko kaɗa masa ƙuri'a ba. Ga kuɗin Medicare da Medicaid, shirye-shiryen inshorar gwamnati na tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi, jiha ba ta iya juya su ba tare da izinin Washington ba. Amma a Kanada lardi ɗaya ne, Saskatchewan, ya fara a 1962, likitoci suka yi yajin aikin kwana 23, kuma ba a fasa ba, har sauran ƙasar ta bi.

Ina da ciwon suga, ba ni da inshora. In jira a zartar da ƙudurin?

Hajiya, don Allah kada ki jira. Suga yana cin ƙoda da ido da jijiyoyin ƙafa ba tare da kin ji ciwo ba. Birnin New York na da shirin kula da lafiyar marasa inshora mai suna NYC Care, wanda aka fara a Bronx a 2019, ana biya gwargwadon samu, kuma rashin takardu ba ya hana shiga. Ki nemi a yi miki gwajin A1c (na auna matsakaicin sugan jini), na fitsari da na ido. Idan kika ga amai ba tsayawa, ruɗewa ko gyambon ƙafa, ki nufi sashen gaggawa. Dokar tarayya ta 1986 ta wajabta a duba ki ko ba ki da ko sisi.

Daga Kano: wannan ƙudurin na New York irin NHIA ɗinmu ne, wato Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa?

A'a, ɗan'uwa. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a Najeriya, amma asusun da yawa ne: na tarayya, na jihohi irin su hukumar KSCHMA ta Kano, da kamfanonin inshorar lafiya masu zaman kansu (HMO). Duk da haka ka yi rajistar iyalinka, domin har yanzu yawancin kuɗin jinya a ƙasar daga aljihun majinyaci yake fita.