Ku Tambaya Mu Amsa: Wai ni kaɗai ne wasan ƙasashe ke sa wa barci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Don Allah ka raba mana gardama ni da yayana. Ni dai da na ji an ce an tafi hutun wasannin ƙasashe sai raina ya ɓaci, kusan sati biyu babu Firimiya babu La Liga sai wasu wasanni marasa gishiri, ƙarshe ma a dawo maka da ɗan wasanka yana ɗingishi. Shi kuma yaya ba ruwansa da lig kwata-kwata, amma da an fara Kofin Duniya ko na Afirka ko waya ba ya ɗagawa, wai wannan ne ƙwallo sauran duk kasuwanci ne. Wa ya fi gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni a ganina kai da yayanka ba abu ɗaya kuke wa gardama ba, kai kana jin haushin wasan share fage da na sada zumunta ne, shi kuma gasar kanta yake so, kuma tsakaninsu akwai nisa sosai.

Ta ɓangarenka ba ka yi ƙarya ba. Kocin kulob yana tare da yaransa wata goma a shekara, kullum atisaye, in akwai gurbin da ke yoyo ya shiga kasuwa ya sayo. Kocin ƙasa kuwa yara su iso masa Litinin a gajiye wasu daga wata nahiyar, Alhamis ko Juma'a a ce a fita fili, to me zai koya musu a kwana uku? Shi ya sa da yawa sai su tare gida kawai su jira bugun kwana ko firikik, kai kuma kana hamma. Maganar rauni ma haka take. Nuwamban 2023 Gavi na Barcelona ya ji ciwo a gwiwa a wasan Sifaniya da Jojiya, wasan da tuni Sifaniya ta riga ta samu tikitin Euro 2024, kakar ta ƙare masa ke nan. Wata ɗaya kafin nan Neymar ya samu irin wannan a wasan Brazil da Uruguay, Al Hilal ba ta daɗe da sayensa ba ta zauna jiransa kusan shekara. Duk mai goyon kulob ya ji haushi ba laifi.

Amma fa bari in tuna maka wani dare, 2010 a Afirka ta Kudu, Ghana da Uruguay wasan kwata fainal. Minti na ƙarshe na ƙarin lokaci, ɗaya da ɗaya, ƙwallo za ta shiga ragar Uruguay sai ɗan wasansu Suarez ya sa hannu ya buge ta kamar shi ne gola, alƙali ya ɗaga jan kati ya ba da fenareti. Asamoah Gyan ya ajiye ƙwallo, ya ja baya, ya buga ta daki turken sama ta yi waje, shi kuma Suarez da ke hanyar shiga ɗakin canza kaya ya juyo yana tsalle. Da a lig ne sai a ce Allah ya kai mu Asabar mai zuwa. Nan babu Asabar, Ghana sai gida. Sai da Ghana ta jira shekara 12 kafin ta sake haɗuwa da Uruguay a Kofin Duniya, a Qatar, kuma wallahi aka sake ba su fenareti André Ayew ya ɓarar. Wannan abin ne yake hana yayanka ɗaga waya.

Ga kuma batun cewa ƙasa ba ta sayen ɗan wasa, abin da Allah ya ba ka da shi za ka fita. George Weah ya ci Ballon d'Or a 1995 amma ko sau ɗaya bai taka Kofin Duniya ba, saboda Laberiya ce ƙasarsa, a share fagen 2002 maki ɗaya tal ya raba su da Najeriya. Shi ya sa in ƙaramin ya kayar da babba abin yake girgiza duniya, Kamaru ta ci Ajantina a 1990, Senegal ta ci Faransa a 2002, Saudiyya ta ci Ajantinan Messi 2-1 a 2022, Maroko ta je har semi fainal a 2022 ɗin. Kuɗi ba su sayi ko ɗaya ba.

Inda zan ɗan taɓa yaya shi ne wai lig ne kaɗai kasuwanci. Haba yaya! Kofin Duniya da ƙasa 13 aka fara a 1930, ya koma 24 a 1982, 32 a 1998, na 2026 kuma 48, wasa 104 maimakon 64. Kana ganin don ƙaunar mu aka yi? Eh Afirka ta samu gurbi tara kai tsaye maimakon biyar, ni ma na yi murna, sai dai ina tsoron abin da ke sa gasar daɗi wato wahalar samunta shi ake ta narkarwa. In dole sai na zaɓa, hutun Satumba da Oktoba ina bayanka, in an buɗe gasa kuma ka neme ni kusa da yaya.

TAMBAYA: Malam me ya sa ake yawan buga Kofin Afirka ana tsakiyar kakar Turai, har kulob su yi ta ƙorafi?

AMSA: Yawanci yanayi ne 'yar'uwa. Yuni da Yuli lokacin da Turai ke hutu damina ce a ƙasashe da dama na Yammacin Afirka da ta Tsakiya. An gwada a Masar a 2019 aka buga Yuni zuwa Yuli, amma na Kwaddibuwa saboda ruwan sama aka ɗaga shi zuwa Janairun 2024. Ƙorafin kulob kuwa ba ya hana komai, dokar FIFA ta wajabta musu sakin ɗan wasa in ƙasarsa ta kira shi irin wannan gasa, kuma ai sun san da haka tun ranar da suka sa hannu suka saye shi.