Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaya kan ɗora gem da matakin shekaru

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, ka ce kun gama haɗa gem na ban tsoro kai da abokinka, akwai jini, akwai ashar nan da can, sannan akwai wani ɗaki da ake karta ana zuba kuɗin cikin gem, kana so ka san inda za ka fara ɗorawa da kuma ko za ka iya rage wasu abubuwa a fom don a ba ka matakin ƙananan shekaru. To na dai sha cike fom ɗin nan, kuma don Allah kar ka rage komai, ka amsa shi da wurin da ya fi ko'ina muni a gem ɗin ko da minti ɗaya ne kacal, ko da sai mutum ya kai ƙarshe zai gani.

In Google Play za ka, rajista dala 25 ce sau ɗaya, kuma in sabon asusu ne na mutum ɗaya sai ka samo mutum 12 sun gwada gem ɗin sati 2 kafin su bari ka sake shi. Matakin shekaru kuwa kyauta ne, fom ɗin IARC ne, wani tsari da hukumomin tantancewa suka haɗu suka kafa a 2013, kana gama amsawa nan take zai fitar maka da na ESRB na Amurka, da PEGI na Turai, da USK na Jamus, da na Brazil da Ostareliya. Shi ɗin dai ake amfani da shi a shagon Nintendo da na Microsoft. Abin da mutane ke mantawa shi ne na'ura ce ta ba ka lambar bisa maganarka, amma hukumomin suna da ikon dawowa su duba da idonsu su canza, kuma suna yi.

Ni wallahi ba jinin ne ya fi damuna a gem ɗinka ba, ɗakin kartar nan ne. Dubi abin da ya sami Balatro, gem ne da mutum ɗaya ya haɗa kan katin poka, babu zuba kuɗin gaske a ciki ko sisi, amma a Maris 2024 aka ɗaga shi daga shekara 3 zuwa 18 a dare ɗaya, har aka sauke shi daga shagunan wasu ƙasashe ana tsaka da ciniki, sai a 2025 bayan ɗaukaka ƙara PEGI ta mai da shi 12. Shi yana da kamfanin da ya tsaya masa ya yi ta fama, kai fa wa zai tsaya maka? Ostareliya kuma tun Satumba 2024 duk gem mai kwaikwayon caca R18+, wato shekara 18 zuwa sama, suke ba shi kai tsaye. Saboda haka ku zauna da abokinka ku tambayi kanku, ɗakin nan labarin na buƙatarsa da gaske? In yana buƙata ku bar shi ku faɗa a fom, in kuwa ado ne kawai ni da cire shi zan yi.

Steam, shagon gem na kwamfuta, tsarinsu daban ne. Dala 100 kowane gem, suna mayar maka in cinikin ya kai dala 1,000, akwai jiran 'yan makonni bayan biya a gem ɗinka na farko, kuma shafin tallan dole ya yi aƙalla sati 2 a buɗe kafin ranar fitarwa, sannan za su duba shafin da shi kansa gem ɗin, don haka kar ka sanar da rana tun ba su amince ba. Fom ɗinsu zai tambaye ka zubar da jini, tsiraici, da ko ka yi amfani da AI wajen zane ko murya, akwai kuma akwatin da za ka rubuta bayanin abin manya da ke ciki da hannunka. Ka rubuta shi a fili, masu dubawa suna karantawa su kwatanta da gem ɗin, in suka ga bambanci za su dawo maka da shi. Kar ka tsallake fom ɗin kuma, tun Nuwamba 2024 gem ɗin da ba shi da matakin shekaru ba a nuna shi ga 'yan Jamus kwata-kwata.

Sai tsoron da kake yi na a ba ka M ko PEGI 18. Ɗan'uwa mai sayen gem na ban tsoro babba ne dama, M ɗin wato 17 zuwa sama ba ta korar shi, wanda ake gudu shi ne AO, wato matakin manya zalla na ESRB, don Sony da Nintendo da Microsoft ba sa karɓarsa, kuma galibi batsa ƙarara ce ke kai gem can, tunda naka babu wannan ka kwantar da hankalinka. Abin da aka ɓoye ma bai tsira ba, a 2005 aka gano wani sashen batsa da aka kulle a cikin GTA San Andreas, ba a ko iya shigarsa sai da kutse, amma ESRB ta mai da shi AO aka janye shi daga kantuna. In akwai wurin da kuka fasa, ku goge fayil ɗinsa gaba ɗaya. Kuma ka tuna yaran mutane ne ke riƙe da wayoyin nan, uban da ya ga an rubuta 7 ya miƙa wa ɗansa amana ya ba ka, ni wannan kaɗai ya ishe ni dalili.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba, in daga Najeriya kake, Steam za su sa ka cike fom ɗin harajin Amurka, kuma tunda babu yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasashen biyu za a riƙe kashi 30 na cinikin da ka yi a Amurka, ban da kashi 30 ɗin Steam. Ka sa wannan a lissafi kafin ka yanke farashi, kuma sunan asusun bankinka ya zo daidai da sunan da ka yi rajista da shi. Allah ya sa albarka a aikin.