Maigidana ya faɗa shan kodin, wa zai duba yaran?

Tambaya: Salam Anti, daga Tudun Wadan Zariya nake. Maigidana ya faɗa shan kodin da tiramol, yara uku ko kuɗin makaranta babu, kuma tsoro nake in kai ƙara a ƙwace min su.

Amsa: Wayyo ƴar'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Ki fara da likitocin ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ki roƙi ma'aikatan walwala na can su haɗa ki da ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, don sau da yawa ana ta jinyar uba ba wanda ya tambayi halin da yaran ke ciki, wallahi abin na damuna. Jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, su ma suna ba da shawara, ba kamu kaɗai ba. Ki tafi da wani babba daga danginsa. In yana duka kuwa, ki fara kai yaran gidanku yau.