Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Bidiyon Wayata Ba Ya Kama da Fim?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Zariya, kuma ni da abokaina muna shirya gajeren fim da wayata. Mun ɗauki fitowa uku, na gyara kalar a manhajar CapCut, na ɗora baƙaƙen layuka sama da ƙasa, amma duk wanda ya kalla sai ya ce kamar bidiyon biki. Shin sai na sayi waya mai tsada kafin aikin ya yi kama da na silima?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yi gaggawar sayen waya. A shekarar 2015 an nuna fim ɗin Tangerine a bikin fina-finai na Sundance da ke Amurka, kuma da iPhone 5s aka ɗauke shi, wayar da kyamararta ba ta kai ta yawancin wayoyin da ke hannun ɗalibai a yau ba. Abin da ka yi shi ne ka fara daga ƙarshe, domin kala da baƙaƙen layuka ado ne da ake sa wa hoton da ya riga ya yi kyau tun a lokeshin.

Abu na farko da ido ke gane fim da shi shi ne motsi. Tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin da aka fara haɗa fim da sauti, masu silima suka tsaya a kan hotuna 24 a kowace daƙiƙa, wayarka kuwa ta zo a saite a kan 30, wani lokaci ma 60, wanda ke sa motsi ya yi sulɓi irin na wasan ƙwallo a talabijin. Sai dai shawarata gare ka ita ce ka zaɓi 25 maimakon 24, saboda wutar lantarkin Najeriya da ta Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa sau 60, kuma idan ɗaukarka ba ta dace da juyawar wutar ba za ka ga hasken ƙwai yana rawa ko wasu layuka suna ratsa hoton. Mai kallo ba zai bambanta 24 da 25 ba, amma rawar haske nan take zai gan ta. Idan da ƙaramin janareta kuke aiki, ka gwada ɗaukar daƙiƙa goma ka duba tukuna, domin juyawar wutarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Daga nan sai ƙiftawar kyamara, wato tsawon lokacin da kowane hoto ke shan haske. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce a ninka adadin hotunan, don haka mai ɗauka a kan 25 zai sa 1/50, wato kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa, kuma wannan ne ke ba hannu ko rigar da ke motsi ɗan dishi-dishin da ido ya saba gani a fim. A nan ne ranar ƙasarmu ke ba da wahala. Ƙofar da haske ke shiga kyamarar yawancin wayoyi ba ta tsukewa, saboda haka idan ka fita da tsakar rana wayar ba ta da wata dabara sai ta ƙara saurin ƙiftawa zuwa 1/2000 ko fiye, sai motsin ya riƙa yankewa, kowane hoto ya fito tsaf ba laushi. Maganinsa gilashin rage haske ne da ake kira ND, wanda ake maƙala wa a gaban kyamara, kuma in da kuɗi kaɗan ne a hannunka, shi zan ce ka fara saya. Manhajar kyamarar da ta zo da waya sau da yawa ba ta barin ka saita waɗannan da kanka, amma manhajar Blackmagic Camera kyauta ce, tana aiki a iPhone da wasu wayoyin Android. Kafin ka danna ɗauka, ka kulle haske da saitin kala da wurin da kyamara ta mayar da hankali, don kada fuskar ɗan wasa ta riƙa haske tana duhu duk lokacin da ya juya.

Batun haske shi ne ya fi damuna a ayyukan matasanmu. Rana tsaka tana dukan mutum daga bisa, ta bar ramin duhu a idanunsa, ta ƙone farar shadda har zanen ɗinkin ya ɓace, kuma babu editin da zai dawo da abin da ya ƙone. Ku ɗauki fitowar waje da sassafe ko bayan La'asar sakaliya, amma ku isa da shirinku a kammale, domin hasken nan mai taushi ba ya daɗewa kafin Magariba. A cikin ɗaki, ka kashe ƙwan da ke rufi, ka zaunar da ɗan wasa kusa da taga ta yadda hasken zai zo masa daga gefe, sannan wani ya riƙe farin kwali a ɗaya gefen don ya mayar da kaɗan a kan kuncin da ke inuwa. Ka auna hasken da fatar fuska, domin idan ka bar wayar ta auna da farin bango za ta dusashe baƙar fata. Kada kuma ka ji tsoron inuwa. Bidiyon biki yana haska kowa da komai daidai wa daida, fim kuwa yana zaɓar inda yake so ido ya tsaya.

Ka ɗora wayar a kan sanda mai ƙafa uku, kada ka motsa ta sai da dalili a cikin labarin, kuma ka matsa da ƙafarka maimakon jawo hoto da yatsa. Ka nemi ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, domin mutane suna haƙuri da hoto mai rauni amma ba sa zama su saurari magana cikin ƙarar babura. Idan kana son faɗin silima na 2.39 da 1, wato faɗin hoto ya ninka tsayinsa sau 2.39, ka tsara shi tun lokacin ɗauka, don kada layukan su yanke kawunan 'yan wasa daga baya.

Tambaya: Ni mai ɗinki ce a Maraɗi, ina tallata kayana da bidiyo. Idan na kunna saitin da ke dusashe bayan mutum, sai gefen mayafi ya riƙa narkewa. Me ke jawo haka?

Amsa: Hajiya, wannan dusashewar lissafin manhaja ce, ba aikin gilashin kyamara ba. Apple ya kawo irin wannan saiti na bidiyo a iPhone 13 a shekarar 2021, kuma wayar tana ƙiyasta inda mutum ya ƙare ne ta dusashe sauran, shi ya sa mayafi mai shara-shara da leshi ke rikita ta. Ga mai tallan ɗinki wannan asara ce, tunda gefen kayan ne mai saye ke dubawa. Ki kashe saitin, ki matsar da mai sanye da kayan kamar taku biyar daga bango, ki yi amfani da kyamarar jawowa ta 2x ko 3x idan wayarki tana da ita, ki kuma tsaya a inuwa mai haske inda kalar atamfa za ta fito yadda take.