Ku Tambaya Mu Amsa: Takardun Shigo da Kaya da Fitar da Su

TAMBAYA: Ina sayar da kayan sola a Kano, ina saro su a Legas. Yanzu ina son in yi odar kwantena ɗaya daga Sin da kaina. Abokin cinikina na can ya ce in turo kuɗi kawai ya loda. Da me zan fara? Daga wani mai karatu a kasuwar Sabon Gari.

AMSA: Alhaji, kada ka yarda a loda ko kwali ɗaya kafin ka buɗe Fom M, wato fom ɗin da ake rajistar kayan da za a shigo da su Najeriya. Nan ne mafi yawan sababbin 'yan kasuwa ke faɗawa rami. Bankinka ne zai buɗe maka, kuma zai nemi rajistar kamfaninka ta CAC, lambar haraji ta TIN, takardar farashin da mai sayarwa ya aiko, da inshorar kayan daga kamfanin inshora na Najeriya. Da yake kayan lantarki ne, sai ka haɗa da shaidar inganci ta SONCAP, wadda ake nema tun kaya suna Sin. In abinci ne ko magani ko kayan shafa, NAFDAC ce ke da magana.

Bayan an loda, mai sayarwa zai aiko da takardar lodin jirgi, takardar farashi ta ƙarshe, jerin abin da ke cikin kwantena, da shaidar ƙasar da aka ƙera kayan. Banki zai tura su ga kwastam, su kuma su fitar da PAAR, wadda da ita ake lissafa kuɗin fito.

Abin da muke roƙonka ka zauna a kansa shi ne daidaiton takardun. Shimfiɗa su a tebur, ka bi da yatsa layi-layi: sunan kamfani, adadi, nauyi, lambar Fom M, da lambar HS, wato lambar da kwastam ke rarraba kaya da ita. In Fom M ya ce faranti 600, jerin kaya ya ce 640, PAAR za ta tsaya. Batir, inbata da farantin sola kowanne da lambarsa da kuɗin fitonsa. Wanda ya cusa su ƙarƙashin lamba ɗaya don samun sauƙi, ranar da aka buɗe kwantena a tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas zai biya cikon kuɗi, ga tara a kai. Duk kwanan da ake wannan ja-in-ja, kamfanin jirgi da masu tasha suna lissafa kuɗin jinkiri, har ribar ta narke kaya ba su fito ba. Ejan da zai fito maka da kaya daga tasha kuwa, ka ga lasisinsa na kwastam da idonka.

TAMBAYA: Na samu mai sayen riɗi a Turkiyya. Fitarwa ma sai da Fom M? Daga wata mai karatu a Haɗeja.

AMSA: A'a, Hajiya, naki sunansa NXP, shi ma a banki ake cike shi. Kafin nan ki yi rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya, NEPC, ki kuma buɗe asusun kuɗin waje da cinikin zai shigo ta cikinsa. Za ki biya kuɗin NESS, wato na sa ido kan kayan da ake fitarwa, kashi 0.5 cikin ɗari na darajar kayan, sannan masu duba kaya su ba ki CCI, wato shaidar an duba kayan an same su daidai. Ƙa'idar Babban Banki ita ce kuɗin cinikin su dawo gida cikin kwana 180 daga ranar lodi.

Takardar da ba ta da wasa ita ce shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar killace kayan noma, NAQS. Ƙasashen Tarayyar Turai sun rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, irin wanda ake yayyafawa a sito. Don haka ki tambayi mai sayen iyakar danshi, tsakuwa da ragowar magani da ya yarda da su, a rubuta a yarjejeniya, ki kai samfur ɗakin gwaji tun buhunan suna Dawanau.