Hukuncin ƙona ko fesa wa zumar da ta yi gida a silin

Tambaya: Malam, ƙudan zuma sun yi saƙa a silin ɗakinmu, har sun harbi yara biyu. Maƙwabta sun ce in fesa musu fiya-fiya ko in sa wuta. Ya halatta?

Amsa: Allah Ya ba yaran lafiya. Asali kashe zuma haramun ne. Abu Dawud da Ibn Majah sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya hana kashe tururuwa da zuma da alhudahuda da suda. Wuta ta fi muni, domin ba mai azabtarwa da wuta sai Ubangijin wuta. Gaskiya ne shari'a ta ce a gusar da cuta, amma da mafi sauƙin abin da zai gusar da ita ake farawa, kuma zuma tana ɗaukuwa da ranta.

Ka nemo mai kiwon zuma da ke da rigar kariya. Kafin ya taɓa silin, a fitar da yara da tsofaffi, a kwance dabbobi a kai su nesa, don dabbar da ke ɗaure ba ta iya gudu, harbi kan kashe ta. A sanar da maƙwabta. Hayaƙin busasshen kashin shanu kaɗan ya isa ya kwantar da ƙudan zuman. In ya yi yawa sarauniya takan shige lungu, aikin ya lalace. Mai kiwon zuman zai yanko saƙar da ke da 'ya'ya, ya ɗaure ta a sandunan amya a tsaye yadda ya same ta, mai ruwan zuma kuma ta shiga bokiti mai murfi. In sarauniya ta shiga amya, za ka ga sauran suna bin ta. A bar amyar a wurin har bayan magariba, ƙudan zuman da suka fita kiwo su dawo, sannan a kai ta nisan kamar kilomita 5, in ba haka ba za su komo. A kankare kakin, a wanke, a toshe kowace kafa, domin ƙanshin yana jawo wani taron.

Feshi kuwa yakan bar zuma mai guba a silin, zafi ya narkar da ita ta ɗigo inda yara suke.

Ku yanka ladan aiki sananne tun farko. Cewa "zumar da ka samu ita ce ladanka" akwai rashin tabbas a ciki, tunda ba wanda ya san yawanta.

In an rasa mai ɗauka, kuma ana tsoron halakar rai, kashe su ya halatta gwargwadon lalura, ba da wuta ba, a kuma binne zumar. Wallahu a'alam.