Addini yana gyara al'umma ko da an ajiye maganar gaskiyarsa?

Tambaya: Malam barka da aiki. Gardama muke da wani abokina a makaranta, shi ya ce wai ko addini gaskiya ne ko ba gaskiya ba, tunda dai yana gyara jama'a ai shikenan ya yi amfani. Ni kuma maganar ta tsaya min a rai. Me masana zamantakewa suka ce?

Amsa: Toh ɗan'uwa, abokinka ya kamo rabin zancen. Amfanin akwai shi, har auna shi an yi. Wani masanin zamantakewa, Richard Sosis, ya bi tarihin garuruwa 200 da aka kafa a Amurka a ƙarni na 19, irin waɗanda mutane ke haɗa dukiya su zauna tare, bayan shekara 20 da kafuwa kashi 39 cikin ɗari na masu addini suna nan, na marasa addini kuwa kashi 6 kacal suka rage.

Amma wanda ya fi taɓa ni binciken wani masanin ne, Abner Cohen, kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya fito a 1969. Bafatake zai koro shanu tun daga Arewa ya sauka gidan maigida, wato mai masaukin fatake, dillali ya haɗa shi da mahauci, a ba da sa sukutum bashi ba takarda ba sa hannu, kuma kuɗin nan ya dawo. Cohen ya nuna yadda Tijjaniyya ta ƙara ɗaure wannan amanar, don wanda kuke sahu ɗaya kullum, kuna wazifa tare, da wane ido zai kalle ka in ya cinye maka kuɗi?

Inda na rabu da abokinka shi ne, bafataken nan da maigidansa ba don sun ji addini na da amfani suke riƙe amana ba, sun yarda ne har zuci akwai ranar hisabi. Ka cire wannan yardar ka bar musu "yana da amfani" kawai, ina tabbatar maka abin ba zai jima ba. Ni musulmi ne, na yi imani don na gaskata, kuma awon da muke yi a fanninmu halin mutane yake gani, ba ya kaiwa ga gaibu.

Kuma kada a ce kullum alheri ake gani. A Ruwanda 1994 an kashe mutane a cikin coci a Nyamata da Ntarama, alhali galibin makasan da waɗanda aka kashe addininsu ɗaya. A Kano kuma, Disamba 1980, rikicin Maitatsine ya ci rayuka sama da 4,000, kuma mabiyansa ba wanda zai ce ba su yarda da abin da suke kai ba.